Za mu dawo da kalankuwa bana: makaɗa za mu kira ko DJ?

Jikan Makaɗi:

Assalamu alaikum mutanen zaure. Shawara nake nema, da wata tambaya da ta biyo bayanta.

Ni ne ma'ajin ƙungiyar samarin garinmu, wani ƙauye a ƙasar Ringim, Gujungu ce kasuwarmu ran Lahadi. Bana damina ta yi kyau, alhamdu lillahi. Gero ya shiga rumbu, an sayar da riɗi, wake ne kawai tsutsa ta taɓa. Shi ne samari suka taso wai a dawo da kalankuwa, bikin kiɗa da rawa da ake yi bayan girbi. Rabonmu da ita tun kafin ambaliyar 2022, kuma ko waccan ta ƙarshen suna kawai ta tara. DJ aka ɗauko ya jingina lasifika biyu a jikin durumin dandali, ya yi ta sako waƙoƙin fim har man janareto ya ƙare, kowa ya kama gabansa. Mun kai wa dagaci maganar, ya ce shi ba ya hana wasan kaka, amma mu zo masa da tsari, kuma sai liman ya ji.

A wajen tsarin ne muka rabu biyu. Yawancin yaran DJ suke so, kuma hujjarsu ba ta banza ba ce: kuɗinsa a yanke yake, ka biya ka huta, waƙoƙin da 'yan mata suka haddace kuma duk suna cikin memorinsa. Ni da wasu 'yan tsiraru makaɗa muke so. Nawa ra'ayin daga gida na taso da shi. Kakana makaɗin kalangu ne, shi ke yi wa 'yan mata kiɗa a dandali, shi ke zama a rumfar mahauta ran jajiberin kasuwa. Babana ya ƙi gadon ya koyi ɗinki, don ya ce ya gaji da a kira shi ɗan maroƙa duk gidan da ya je neman aure. Kalangun na nan rataye a ɗakin kakata, ɓera ya ci tsarkiyar, fata ɗaya ta huje. Makaɗi ɗaya ne ya rage a dangi, ƙanen kakan nawa, gangar noma yake kaɗawa. Shi ma rabon da a kira shi gayya har ya manta, tunda yanzu kowa 'yan ƙwadago yake ɗauka ko ya fesa maganin ciyawa.

Ana cikin wannan ja-in-jar sai wani ɗan ɓangaren DJ ya turo bidiyo a WhatsApp ɗin ƙungiya don ya tsokane ni, ya rubuta a ƙasa wai "Ma'aji, ga Turawa sun gaje kakanka." Wani fili ne mai ciyawa, an kakkafa tantuna, da gani biki ne na kwana da kwanaki. Turawa maza da mata sun zauna sun yi rabin da'ira, kowa da gangarsa. Wasu sun matse ta a tsakanin gwiwoyi, wasu sun kwantar da ita a cinya, kuma duk da tafin hannu da yatsu suke bugu, ba mai riƙe da sandar kiɗa. A tsakiya mata ne ke rawa, da manyan siket masu faɗi da tulin ɗaurin kai, an lafta azurfa a wuya da goshi da damtse. Wata sarƙar ma na rantse ƙirar Buzaye ce, irin wadda ake gani a kasuwar Kurmi. A yatsunsu akwai wasu 'yan faya-fayen ƙarfe da suke kaɗawa. Ciki kuma a buɗe, wannan kam ba ruwanmu da shi, kada wani ya tashi ya ce Ma'aji zai kawo wa gari tsiraici.

Yaran dariya suka yi ta yi. Ni abin da ya tsayar da ni daban ne. Akwai wani mai furfura a gefe da 'yar ganga a cinya, idonsa bai bar jikin matar da ke gaba ba. In ta girgiza kafaɗa sai ya sako yatsu a bakin gangar ƙanana-ƙanana, in ta sauke ƙugu sai ya dunƙule bugu ɗaya a tsakiya. Da ta tsaya cak shi ma nan ya tsaya, ba wanda ya riga wani. Haka kakata take ba da labarin mijinta. Ta ce ba ya kallon kalangu, ƙafar yarinya yake kallo. In ya ga mai kunya ce sai ya saki hammata ya ja kiɗan a hankali har ta saki jiki. In ya ga gwana ce sai ya matse ya tsananta, su yi ta gwada juna har ɗaya ya sare. Lasifika ba ta da ido, wannan ce hujjata, amma ta yaya zan fahimtar da yaron da bai taɓa taka rawa a gaban makaɗi mai rai ba?

To wanda ya san wannan rawar ta bidiyon ya gaya min ta waɗanne mutane ce, kuma me ake kiran gangunan. Wanda kuma garinsu suka yi kalankuwa ko wasan Sallah da makaɗa kwanan nan, ya taimaka min da yadda suka yi da biya, da yadda suka yi da malamai.

Ɗalibin Alƙahira:

Wa alaikumus salam Ma'aji. Bari in ɗauki ta bidiyon, ta kalankuwa na bar wa manya.

A Masar na yi karatu, na zauna a Madinatu Nasr inda ɗalibanmu suka fi yawa. Gangar da aka kwantar a cinya ita ce darbuka, su Misirawa tabla suke ce mata. Fata ɗaya gare ta, baki faɗi, ƙugu tsuke, gindi a buɗe. Ta da da yumɓu ake gina ta a rufa mata fatar kifi ko ta akuya. Ta yanzu alminiyam ce da fatar roba, ana ɗaure ta da noti, ba ruwanta da sanyi ko laima. Bugu biyu ne ginshiƙinta, na tsakiya mai kauri da suke kira dum, da na baki mai kaifi da suke kira tak, kuma da baki malami yake fara koya wa yaro kafin ya ba shi gangar. Kiɗan da za ka fi ji a bikinsu shi ne maƙsum, sai sa'idi na mutanen kudancin ƙasar, wanda maza ke wasan sanda da shi ana busa mizmar, 'yar'uwar algaitarmu. Wadda aka matse a gwiwa kuwa jembe ce, tamu ce ta Afirka ta Yamma, daga Mali da Gini, fatar akuya da igiya. Ƙungiyar rawa ta ƙasar Gini ta zaga duniya da ita, kuma a Amurka wani ɗan Najeriya, Babatunde Olatunji, wanda ya tafi can a 1950, ya ƙarar da rayuwarsa yana koya wa mutane kiɗan hannu har ya rasu a 2003. Wannan zaman da'irar da ka gani akwai hannunsa a ciki.

Rawar ƙugu a Masar kala biyu ce. Akwai ta gida, wadda mata ke yi a tsakaninsu ran biki da kayansu a jiki, a ɗaura gyale a ƙugu kawai. Akwai ta 'yan sana'a a otal-otal da jiragen ruwan shaƙatawa na kogin Nilu. Kuma abin da ya sa babanka ya gudu ya kama ɗinki yana can shi ma: kowa na son gwanar rawa ta zo bikinsa, ba mai son ɗansa ya auro ta. Tun a 1834 Muhammadu Ali Basha ya hana matan da ke rawa a bainar jama'a yin ta a Alƙahira, da yawansu suka koma garuruwan kudu.

Amma ta bidiyonka ba ta Masar ba ce, kuma ba gadon wata al'umma ba ce a ko'ina. A Kalifoniya aka haɗa ta. Wata mata Jamila Salimpour ta kafa ƙungiya mai suna Bal Anat a 1968, suna wasa a wani biki na fili da ake yin shigar mutanen Turai na zamanin da. Ɗalibar ɗalibarta, Carolena Nericcio, ita ta kafa FatChanceBellyDance a San Faransisko a 1987, daga nan salon ya bazu. Motsin ƙugun daga Masar, riƙon hannu da ɗaga ƙirji daga rawar filamenko ta Sifaniya, 'yar rigar daga Indiya, azurfar kuma ta makiyayan Afganistan da ta Buzaye. Don haka idonka bai yi ƙarya ba a kan sarƙar. Dalilin da ka ga suna juyawa tare kuwa, ba haddace rawar suka yi daga farko zuwa ƙarshe ba. Motsi ne sanannu da kowa ta koya, ta gaba tana tsayawa ta gefen hagu inda duk za su gan ta, in ta karkata kai ko ta ɗaga hannu wani iri sai sauran su san abin da ke tafe. Can kuma sai su zaga, wata ta karɓi gaba.

Na taɓa nuna wa wani maƙwabcina Bamisire irin wannan bidiyon, ya kalla ya ce kiɗan dai namu ne, kayan ne ban san daga inda suka kwaso su ba. Ni ma abin yana ɗan sosa min rai, a tattaro adon matan makiyaya na ƙasa uku a rataya wa mutum ɗaya don wasan ƙarshen mako. Amma ga abin da za ka mayar wa yaron da ya tsokane ka: mutanen nan sun fi mu lasifika, sun fi mu wuta, kuma kuɗi suke biya a koya musu bugun fata.

Goggon Yara:

Ɗana, na karanta dogon bayaninka tun daga sama har ƙasa, na ga dagaci, na ga liman, na ga DJ, ban ga inda ka ce kun tambayi mata ba. To wa zai yi muku rawar? Ku da kanku?

Ni a ƙasar Ɗambatta na tashi, na koyar a firamare har na yi ritaya. Kiɗan hannun da kake nema wajen Turawa yana cikin gidanku, je ka tambayi kakar taka. A cika masaki da ruwa, a kifa ƙwarya a kai, wannan ita ce uwar kiɗan, muryarta tana fitowa daga ƙasa har a ƙirji kake jin ta. Sai busassun ƙore a kife a kan tabarma, manya da ƙanana, wasu da 'yan sanduna wasu da yatsu masu zobe. In ana son muryar ta ruwan ta canza, ɗan ɗaga gefenta ake yi iska ta shiga ko ta fita. Da wannan Barmani Choge ta Funtuwa ta ci abinci har ta rasu a 2013, da shi Uwaliya Mai Amada ta yi suna a Kano. Ga shantu, dogon duma fafaffe baki biyu, ki buga gindinsa a cinya ki toshe bakin sama da tafi ki buɗe, awarwaro na amsawa. Amarya ma da shi take fitar da abin da ke cinta a gidan miji ba tare da ta buɗe baki ba, kishiya kuma ta ji ta gane. Ga lugude, mata uku a turmi ɗaya, ki jefa taɓarya sama ki tafa ki cafe ba ki ɓata wa 'yar'uwarki bugu ba. Injin niƙa ne ya kashe wannan, ba malamai ba.

Rawar ƙugu kuma, Allah na tuba, wa ya gaya muku sai Masar? Jigida don me aka yi ta? Sai dai mu tamu ba ta dandali ba ce. Ran wunin biki ake yin ta a tsakar gida, ƙyaure a rufe, namiji ko ɗan shekara goma ne sai an kora shi waje. Na ga tsohuwar da sai an kama ta take miƙewa, amma da aka taɓa ƙwarya ta ɗaure zani ta shiga fili, matan ɗanta suna rufe fuska don kunya suna leƙe ta tsakanin yatsu.

Yanzu me ya sa ba a yi? Waya. Kina cikin juyi sai ki ga 'yar yarinya ta ɗaga waya a kanki, kafin ki isa gida mijinki ya gani, surukinki ya gani, wani ƙato a Legas ya gani a TikTok. Akwai auren da ya mutu a kan haka a unguwarmu. Shi ya sa za ka je wuni yanzu ka ga matan aure a jere a kan kujerun roba da jaka a cinya, ana ta sakin kiɗa ba mai motsi. Bikin 'yar ƙanwata na zauna a bakin ƙofa da kwalla, duk wadda za ta shiga sai ta ajiye wayarta na rufe. An zage ni ranar, amma an yi rawa har aka kira magariba.

Shawarata, ku ba mata ranarsu daban, a gida mai katanga, ku maza ku kawo goro da lemo ku ɓace. 'Yan matan da za su fito dandali kuwa kada ka ɗauka sun iya. Yarinyar yau ba ta taɓa faɗawa da baya a gaɗa an tare ta an cilla ba, tsoro ma za ta ji. Ku tura su wajen tsofaffi da yamma tun yanzu su koyi taku da amshi. In ba haka ba za ka kawo makaɗinka mai ido, ya duba ya rasa ƙafar da zai bi.

Na'ibi:

Malam Ma'aji, Allah ya yi albarka da kuka fara neman izini kafin ku kafa rumfa.

Murna ba haramun ba ce. Ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa ran Idi yara mata biyu suna waƙa a ɗakin Nana A'isha, Sayyidina Abubakar ya tsawata musu, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce a bar su. Habashawa ma sun yi wasan masu a masallaci ya bar ta ta kalla. Duffi, wato ganga mai fata ɗaya irin bandiri, a biki da Idi maganarsa a sarari take. Sauran kayan kiɗa kuwa malamai sun yi saɓani, kuma da yawa sun tsananta. A nan Kano kanta 'yan Ƙadiriyya suna buga bandiri a zikiri da maukibi, wasu malaman kuma ba su yarda da shi ba. Saboda haka kada ka je wa limaminku da cewa kowa ya halatta, zai kama ka a nan.

Ni dai in da ta ni ce, a yi sauka a raba sadakar sabon hatsi a tashi. Amma na san ƙauye. Abin da ya sa iyayenmu suka juya wa kalankuwa baya ba ƙarar fata ba ce. Dare ne, da samari da 'yan mata a bayan dangar mutane, sai daga baya ƙwaya ta shigo, da samarin wani gari da ke zuwa da wuƙa a ƙugu saboda budurwa. DJ bai gyara ko ɗaya daga ciki ba, ƙara wa dare tsawo ma ya yi. In za ku yi, ku yi da rana, a tsaya a yi la'asar, a watse kafin magariba. Dattawa su zauna a wurin, ba a gida ba. Ku je ofishin Hisba na ƙaramar hukumarku da ƙafarku ku gaya musu rana da wuri, ya fi su ji a bakin wani. Kuma ku ja wa makaɗan kunne: ba zambo, ba habaici, ba taken bori.

DJ na Kwanar Gari:

Ni kuwa sana'ata ake ta yanka a nan, bari in ce wani abu. Wa ya ce ba mu da ido? Ni ma fili nake kallo, in na ga ya yi sanyi na canza waƙa. Amma ba wannan ba ma. Ma'aji, ka tambayi yaran naka dalilin da ya sa suke gudun makaɗa, ba za su faɗa a taro ba. Makaɗi zai kama sunanka da na ubanka a gaban budurwarka, ya yi ta wasa ka, ba zai sake ka ba sai ka zazzage aljihu. Mai kuɗin riɗi ya ji daɗi, wanda gonarsa ba ta yi ba ya sulale ya bar wurin da kunya. Ni ba na kiran sunan kowa sai wanda ya zo ya ce in kira. Ku warware wannan tukuna. In kun warware, ku ɗauki DJ ɗinku ya zo da makirufo ya sa wa makaɗan, kowa ya samu.

Ɗan Sarkin Fawa:

Mai lasifika ya faɗi gaskiya a kan roƙo, kuma tana da magani. Mu mahauta ba mu taɓa rabuwa da kalangu ba, a nan ƙasar Wudil har gobe da shi muke biki, don haka ga yadda muke yi.

Makaɗi yana matsa wa mutane ne in an kira shi a kan "abin da Allah ya ba ka". Ku yanke masa kuɗin kira mai mutunci tun a gida, ku ba da rabi, ku ɗauki nauyin abincinsa da na yaransa da man babur. Tunda kaka ce ku haɗa masa da damin gero, tsofaffin makaɗa sun fi jin girman wannan a kan takarda. Sannan ku ce masa take zai yi, ba roƙo ba. Ya yi taken manoma, ya yi na maƙera, ya yi na mahauta, ya yi na dagaci da na sarkin samari. In aka kaɗa taken sana'a duk mai ita zai miƙe, mai kuɗi da marar shi, ba wanda aka ware. Wanda ya ga dama ya je ya saka a faranti. Farantin ma ya fi, don liƙi a goshi ana tattake kuɗi dokar Babban Banki ta 2007 ta hana, kuma kun ga yadda aka fara kama mutane a kai. Tun wahalar takardun kuɗi ta farkon 2023 makaɗanmu ma sun buɗe asusu, amma taransifa ba ta sa hannun makaɗi ya yi zafi, sai ya ga abu ya faɗa farantin. Ka nemi canji ƙanana tun ran kasuwa.

Mutum ɗaya ba ya ɗaukar fili. Kana buƙatar mai babban kalangu, shi ne mai magana, da mai ƙaramin da ke riƙe masa gindin kiɗa, da yaro mai kurkutu. Tsohon naku mai gangar noma ku ba shi buɗe fili, ya yi taken manoma, ku ga ko dattawan garinku ba za su nemi fartanya ba. Amma kada ku bar shi ya wuni yana rataye da ita, nauyi gare ta. A zaunar da su a inuwa, a yayyafa wa fili ruwa saboda ƙura. Makirufo kuma a ɗan nesanta shi, in aka cusa shi a bakin kalangu kaifin ne kawai ke fita, maganar ta ɓace.

Abu ɗaya da zan gargaɗe ka: ka hana su taɓa taken dambe, ko da wasa. Ka san abin da kiɗan Ɗan Anace yake yi wa Shago. To kowane gari akwai wanda jininsa haka yake, yana ji zai fara neman zare ya naɗe hannu, kuma ba ku shirya wa wannan ba.

Ka ce kiɗan yatsu ne ya burge ka. Muna da shi ai, kotso da taushi duk da yatsu ake kaɗa su, da ɗan naken da ake mannawa a tsakiyar fata. Da kotso Narambaɗa da Ɗanƙwairo suka yi wa sarakuna waƙa. Amma kayan fada ne, ba a kai su dandalin 'yan mata. Kalangu ne naku, kuma ba ƙaramin abu ba ne, da shi Shata ya yi waƙa har ya rasu a 1999.

Na kakanka kuma, in dai gara ba ta ci icen ba, bai mutu ba. Fata da tsarkiya dama canza su ake yi. Fatar ɗan akuya ake so marar kauri, a jiƙa, a kankare gashin, a ɗinke ta a kan zoben da ke riƙe ta a bakin kalangu, a bar ta ta bushe a inuwa. Yanzu ne ma lokacinsa, da hunturu kalangu ya fi murya, da damina sai an shanya shi ko an kanga shi a wuta. Amma ba a fafe gora ranar tafiya, sabuwar tsarkiya sai ta kwana biyu ana matsa ta kafin ta zauna.

Jikan Makaɗi:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Na karanta wa 'yan kwamiti duka jiya bayan isha'i a shagon babana. Da na zo kan maganar mai lasifika wurin ya yi tsit, sai wani ya ce "to ai shi ke nan an faɗa." Ashe abin da ke cin su ke nan. Mun tsaya a kan kuɗin kira da faranti, kuma za a yi da rana yadda Malam Na'ibi ya ce. DJ zai zo da makirufo da lasifika ɗaya, sun dage sai an ba shi rabin awar ƙarshe, na bar musu.

Goggo, na kai wa kakata saƙonki. Ta ce ai ta zuba ido ne ta ga ranar da za mu tuna da su. Ta karɓi ranar mata, za a yi a gidan dagaci kwana ɗaya kafin tamu, ta ce in sayo mata sababbin ƙore a Gujungu don na gidan duk sun sha ɗinki. Maganar karɓe waya ce ake ta rigima a kai, matan samari sun ce ba za su ba kowa wayarsu ba sai dai uwargidan dagaci.

Mun sauke kalangun. Gara ba ta taɓa shi ba, amma akwai 'yar tsaga a ƙugunsa, tsawon ɗan yatsa, ba ta ratsa ciki ba. Tsohon namu ya ƙwanƙwasa shi ya ce lafiya lau, sai dai shi ganga ya sani. Ƙanena ɗan aji biyu a sakandare tun jiya yake zagaya shi, babanmu yana kan keke yana kallonsa, bai ce e ba bai ce a'a ba. Ɗan Sarkin Fawa, wannan tsagar tana gyaruwa? In na shigo Wudil ran Juma'a zan samu mai rufa fata?

Ɗan Sarkin Fawa:

Tana gyaruwa, da danko ake cike ta, kada ka bari wani ya ɗura mata gam ɗin kanti. Ka zo da tsohon zoben fatar ko da ya lalace, da shi za a auna sabon. Ka shigo da hantsi kafin a tafi masallaci, ka tambayi 'yan fawa inda makaɗansu suke zama, kowa zai nuna maka. Ba za a gama a ranar ba, sai wata Juma'ar ka dawo ka ɗauka. Ka taho da yaron, in ana ɗinkin ya riƙe musu bakin fatar.